Layi Biyu Sun Fito, Bayan Kwana Uku Jini Ya Ɓalle: Mahaifata Ce Ba Ta Riƙe Ciki?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26, yau wata 14 da aurena ban taɓa ko ɓatan wata ba. Al'adata takan zo duk kwana 31 ko 32. Watan jiya ta yi jinkirin kwana biyu, na sayi tsinken gwaji na gwada da fitsarin safe, layi biyu suka fito, na biyun dishi-dishi. Bayan kwana uku sai jini ya ɓalle, ya ɗan fi na kullum yawa. Ranar kuwa na yi wanki, na kuma ɗauki jarkar ruwa. Uwar mijina ta ce mahaifata ce ba ta riƙe ciki, sai an ɗaure ta. Ni kuma na lura duk lokacin da muka sadu, in na tashi ruwan yakan biyo ni ya zubo. Don Allah ki yi mini bayani, yaya ciki yake shiga har ya zauna? Ni ce na zubar da shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya mayar miki da alheri, Ya ba ki mai albarka. Kina son sanin yadda ciki ke shiga har ya kama, da dalilin da ya hana naki zama, da kuma ko ruwan da ke biyo ki yana da hannu a jinkirin. Amma na san wadda ta fi ci miki rai ita ce tambayarki ta ƙarshe, don haka da ita zan fara. Ba ke kika zubar da shi ba. Wanki bai zubar da shi ba, jarkar ruwa ba ta zubar da shi ba. Ba lallashinki nake yi ba, in kika bi ni a hankali za ki ga dalili da kanki. Sai dai ki sani ban duba ki ba, ban ga tsinken gwajin ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne a kan abin da ya fi kama da labarinki, ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba.

Ƙwai ɗaya, yini ɗaya

Mace tana da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu a ƙasan mara, kowanne girmansa bai wuce dabino ba. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayenta gaba ɗaya, tsakanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma cikinsu waɗanda za su nuna har su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Kowane wata wasu 'yan jakunkuna masu ƙwai a ciki sukan fara girma tare, ɗaya ta yi wa sauran fintinkau, ta kumbura har ta kai kusan santimita 2, sannan ta fashe ta saki ƙwan. Ƙwan kansa faɗinsa kashi ɗaya cikin goma ne na milimita, wato kamar ɗigon da bakin allura zai yi a takarda. Duk da haka ya fi kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam girma. In bai haɗu da maniyyi ba cikin awa 12 zuwa 24, ya lalace, sai wani watan.

A nan akwai wani kuskure da ya shafe ki kai tsaye. Mata da yawa sun haddace cewa ƙwai yana fita rana ta 14. Wannan lissafin mai al'adar kwana 28 ne. Abin da ya fi tsayuwa shi ne ƙwai yana fita kusan kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Ke da kike kwana 31 ko 32, naki ƙwan ya fi kusa da fita rana ta 17 ko 18, in aka fara ƙirga daga ranar farko da kika ga jini. Na sha ganin ma'auratan da ke dagewa daga rana ta 11 zuwa ta 14, su gaji su huta daidai lokacin da ƙwan zai fito. Jikinki ma yana ba ki labari: in lokacin ya matso za ki ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, yana ja tsakanin yatsu kamar kuɓewa. Wannan ba ciwon sanyi ba ne, kada ki sha masa magani. Shi ne hanyar da maniyyi ke bi.

Ruwan da ke biyo ki

Abin da namiji ke fitarwa kashi biyu ne, ruwa da kuma ƙwayoyin maniyyi da ke iyo a cikinsa. Ƙwayoyin ba su kai kashi 5 cikin 100 na abin da ido ke gani ba, amma adadinsu miliyoyi ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ɗauki miliyan 16 a kowace mililita a matsayin ƙasan iyaka, maza da yawa kuma sun ninka haka. Da ya fito yakan yi kauri, bayan minti 15 zuwa 30 ya tsinke. Masu ƙarfin cikin ƙwayoyin tun a mintunan farko suke kutsawa cikin yauƙin bakin mahaifa. Abin da ke zubowa in kin tashi shi ne ruwan da ya gama aikinsa, haɗe da ƙwayoyin da dama ba za su kai ko'ina ba. Wannan yana faruwa da kowace mace, har mai 'ya'ya goma. Ba alamar buɗewar mahaifa ba ne, kuma ɗaga ƙafafu ko sa matashi a ƙarƙashin ƙugu ba a tabbatar yana ƙara komai ba.

Tafiyar da ke gaban ƙwayar maniyyi ta kai santimita 15 zuwa 18, ita kuwa tsawonta da jelarta duka kashi ɗaya ne cikin ashirin na milimita. Tsamin farji ya kashe wasu, yauƙin bakin mahaifa ya tace masu naƙasa, sojojin jini su cinye wasu a cikin mahaifa, wasu su bi bututun da babu ƙwai a wannan watan. Cikin miliyoyin nan 'yan ɗaruruwa ne ke isa kusa da ƙwai. Waɗanda suka tsira suna iya zama da rai har kwana 5 suna jira. Shi ya sa kwanakin samun ciki shida ne a wata: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar da ya fita. Gara maniyyi ya riga ƙwai zuwa da ƙwai ya riga shi. Akwai ma dalili: sabon maniyyi ba ya iya shiga ƙwai sai ya yi wasu awoyi a jikin mace, ruwan jikinta ya wanke masa wani rufi da ke kansa, sannan jelarsa ta soma bugu da ƙarfi.

Haɗuwa ba a mahaifa take faruwa ba

Yawancin masu zuwa wurina suna zaton a cikin mahaifa ƙwai da maniyyi ke haɗuwa. A bututu ne. Daga kowane gefe na saman mahaifa akwai bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 12, bakinsa na waje yana da 'yan yatsu masu laushi da ke shafa gidan ƙwai su ɗauke ƙwan da ya fito. A ɓangaren bututun mai faɗi, can kusa da gidan ƙwai, nan ake haɗuwa.

Ƙwan yana zuwa da katanga biyu, tarin ƙananan ƙwayoyi da suka kewaye shi, sannan wani ɓawo mai ƙarfi a ciki. A kan kowace ƙwayar maniyyi akwai 'yar hula cike da sinadarai masu narka hanya. Da ɗaya ta huda ɓawon ta manne da fatar ƙwan, sai ƙwan ya saki wasu sinadarai da ke sauya ɓawon ya ƙi karɓar kowa. Dole ne a rufe ƙofar nan, domin in biyu suka shiga abin ba ya rayuwa. Tagwaye ma ba haka ake samunsu ba. Ko dai ƙwai biyu suka fita kowanne ya sami nasa maniyyin, su ne tagwayen da ba sa kama, ko kuma ƙwai ɗaya ya rabu biyu bayan haɗuwa, su ne masu kama kamar an tsaga kara.

Ƙwai yana ɗauke da ƙunshin gado 23, waɗanda ake kira kuromosom, maniyyi ma 23, su haɗu su zama 46. Mun saba cewa namiji ne iri mace gona. Ba haka abin yake ba, rabin irin na uwa ne, har ma ita ce ke ba da guzurin kwanakin farko gaba ɗaya. Kuma tunda na zo nan sai na faɗi abin da ke damuna: kuromosom ɗin da ke tsayar da jinsi iri biyu ne, X da Y, ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. In X ne a sami mace, in Y ne a sami namiji. Matar da ake gorantawa wai 'ya'ya mata kaɗai take haifa, ana tuhumarta ne a kan abin da ko kaɗan bai bi ta hannunta ba.

Kwana goman da babu mai gani

Bayan kusan awa 30 da haɗuwa, ƙwayar ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, a rana ta uku an kai wajen takwas. Duk wannan rabuwa a cikin ɓawon nan take faruwa, girman bai ƙaru ba, kuma ana yin ta ne ana tafiya, wasu ƙananan gasu da ke cikin bututu suna kaɗa ta zuwa mahaifa. Rana ta uku tana da haɗari, domin a nan guzurin da uwa ta zuba a ƙwai ke ƙarewa, sabon gadon da aka haɗa ya karɓi ragamar aiki. In akwai babban kuskure a cikinsa, nan tafiya take tsayawa. A ɗakunan da ake haɗa ƙwai da maniyyi a waje muna ganin haka ƙuru-ƙuru, sau da yawa rabi ko ƙasa da rabi ne ke kaiwa rana ta biyar.

A rana ta huɗu ta faɗo cikin mahaifa tana dunƙule. A ta biyar ta zama 'yar ƙwallo mai ruwa a tsakiya, da ƙwayoyi sama da ɗari da suka kasu gida biyu: 'yan kaɗan da suka taru a gefe guda a ciki, su ne za su zama jariri, da na waje da suka zagaye su, su ne za su zama mabiyiya. Daga nan ta fasa ɓawonta ta fito, kamar yadda ɗan tsako ke ƙyanƙyashewa. Sai ta fito sannan take iya mannewa.

Ita kuma mahaifa ba zaune take ba. Jakar da ƙwai ya fita daga cikinta takan rikiɗe ta zama wani ƙullutu mai ruwan ɗorawa da ke fitar da sinadarin furojestaron. Shi ne ke sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi taushi, ta cika da jijiyoyin jini da abinci. Shimfiɗar tana karɓar baƙo ne na 'yan kwanaki kaɗai, daga wajen kwana 6 zuwa 10 bayan fitar ƙwai. Kafin nan ba ta shirya ba, bayan nan ta rufe. 'Yar ƙwallon takan fara jingina da bango, galibi can sama, sannan ta manne, sannan ƙwayoyinta na waje su soma narka shimfiɗar suna nutsawa har ta shige gaba ɗaya, shimfiɗar ta rufe a kanta. Daga baya su huda ƙananan jijiyoyin jinin uwa su buɗe su domin abinci ya samu. Abin da har yau yake sa ni tasbihi shi ne rabin wannan halitta baƙo ne ga jikin uwa, jikin da in aka dasa masa ƙodar wani sai ya yaƙe ta, amma a nan sojojin jikin da ke cikin mahaifa su ne ma ke taimakawa wajen gyara jijiyoyin.

To ki dubi maganar jarkarki. Mahaifa ba tukunya ba ce da aka kife bakinta ƙasa. Tsoka ce mai kauri, tsawonta santimita 7 zuwa 8, bangonta na gaba da na baya a haɗe suke, tana zaune cikin ƙashin ƙugu. Ki ɗauki ƙwayar riɗi ki nutsa ta cikin malmalar tuwo ki shafe wurin, sannan ki girgiza kwanon yadda kike so. Haka ciki yake a makonnin farko. Wanki, daka, hawa babur, sunkuyo, saduwa da miji, babu wanda ke kakkaɓo shi.

Da zarar an manne, ƙwayoyin da za su zama mabiyiya suna fitar da sinadarin ciki, wanda a takardar gwaji ake rubutawa hCG. Saƙo ne zuwa gidan ƙwai cewa kada a daina furojestaron. In saƙon bai zo ba, ƙullutun nan yakan mutu bayan kusan kwana 14, shimfiɗa ta zube, ita ce al'ada. In ya zo, al'ada ta tsaya, ƙullutun ya ci gaba da riƙe ciki har mabiyiya ta karɓe shi tsakanin mako na 7 da na 10. Sinadarin yana ninkawa kusan duk kwana biyu a ciki mai lafiya, kuma shi tsinken gwaji ke nema a fitsari.

Abin da ya fi kama da labarinki

Ranar da kika gwada, ƙwanki ya yi kusan kwana 16 da fita. A wannan lokaci ciki mai ƙarfi yakan ba da layi bayyananne. Naki dishi-dishi ne, jini kuma ya biyo bayan kwana uku. Mafi kusa shi ne an haɗu, an yi tafiyar bututu, an fara mannewa har sinadarin ya shiga jininki, sannan girma ya tsaya. Da sinadarin ya sauka sai shimfiɗa ta zube. Wato ranar da kika yi wanki abin ya riga ya tsaya da kwanaki, jinin ne ya zo a makare. Akwai wata yiwuwar kuma, in an bar tsinken ya wuce mintunan da aka rubuta a kwalinsa, busasshen fitsari yakan bar inuwar layi mara launi, haka kuma wasu alluran neman haihuwa suna sa gwaji ya nuna ciki.

Irin wannan ɓari na farko-farko ya fi yadda ake zato yawa. A Amurka, Allen Wilcox da abokan aikinsa sun bi mata 221 masu neman ciki a jihar Karolina ta Arewa, suna karɓar fitsarinsu kowace safiya. A sakamakon da suka wallafa a 1988, kashi 22 cikin 100 na cikkunan da gwaji ya gano sun lalace tun kafin a san da su, in an haɗa da ɓarin da aka sani ya zama kashi 31. Matan nan ganin al'ada kawai suka yi. Kashi 95 cikin 100 na waɗanda abin ya faru da su sun sami ciki tabbatacce cikin shekara biyu. A 1999 suka ƙara nuna cewa mafi yawan cikkunan da suka zauna sun kama ne a kwana na 8, 9 ko 10 bayan fitar ƙwai, kuma duk wanda ya makara haɗarinsa ya fi: kashi 13 ne suka lalace cikin waɗanda suka kama zuwa kwana na 9, kashi 52 a kwana na 11, kashi 82 bayan haka. Iyayenmu mata ma sun yi irin wannan ɓarin, tsinken gwaji ne ba su da shi.

Babban dalili shi ne kuskure a ƙidayar kuromosom, ɗaya ya ƙaru ko ya ragu lokacin da ƙwai ko maniyyi ke nuna, ko a rabuwar farko. Kusan rabin ɓarin watanni ukun farko daga nan yake. Tsautsayi ne na wannan ƙwan da wannan maniyyin, ba ya nufin na wata mai zuwa zai zo da shi. Yana ƙaruwa da shekarun mace, musamman bayan 35, ke kuwa shekarunki suna tare da ke. Akwai ma binciken da ke nuna shimfiɗar mahaifa tana tantance abin da ya zo mata, ta ƙi ba mai naƙasa wuri. In haka ne, mahaifar da ake zargi da rashin riƙo aikinta ta yi.

Ga abin da nake so ki riƙe. In layin nan na gaske ne, ya shaida cewa ƙwanki ya fita, maniyyin mijinki ya isa, aƙalla bututu ɗaya a buɗe yake, shimfiɗarki kuma ta karɓa. Ƙofa huɗu ke nan da wasu ke shekaru ba su san ko a buɗe suke ba.

Sai dai akwai haɗari ɗaya da ba zan wuce ban faɗa ba. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na cikkuna suna kamawa ne a wajen mahaifa, fiye da kashi 90 cikinsu a bututu, domin tafiyar ta yi jinkiri 'yar ƙwallon ta ƙyanƙyashe a hanya. Shi ma yakan zo da layi dishi-dishi da jini mai kama da al'ada. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da dare, ta yi fari fat, cikinta cike da jini, ita da mijinta sun rantse ta yi al'ada mako biyu da suka wuce. Bututu ne ya fashe. Allah Ya sa ta rayu, amma ta rasa bututun. Saboda haka ki sake gwaji. In mako ɗaya zuwa biyu bayan jinin har yanzu layi biyu ne, ki je a auna sinadarin a jini a yi miki hoton ciki. In kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, kada ki jira gari ya waye.

Maganar ɗaure mahaifa

Mama ba ta ƙirƙiri maganar ba, ana ɗaure bakin mahaifa a asibiti. Amma ana yi ne wa matar da bakin mahaifarta ke buɗewa ba tare da naƙuda ba a wata na huɗu, na biyar ko na shida, lokacin da ɗa ya yi nauyi. Ana sa zaren ne wajen mako na 12 zuwa 14. Cikin da bai wuce ƙwayar gero ba, wanda ke nutse a bango can sama, ba ruwansa da bakin mahaifa. Ki yi mata bayani da ladabi, ko ki bar mijinki ya yi, don shi ya fi dacewa.

Abin da nake roƙonki shi ne kada neman ɗauri ya kai ki ga matsi da haɗe-haɗen da ake cusawa a gaba. Suna ƙona fata, suna kashe ƙwayoyin da ke tsare wurin, suna ɓata yauƙin da maniyyi ke bi, wani lokaci su kai ciwon sanyi har bututu. A ƙasashenmu toshewar bututu tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa, kuma galibi daga ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba take, ko ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari, wani lokaci tarin fuka ko tsargiya. Haka nan kada ki yarda a yi miki wankin ciki don wai a share mahaifa ta ɗauki ciki. Ɓari irin naki yana fita da kansa, kankare shimfiɗa ba dalili kuwa yana iya barin tabon da zai manne bangon mahaifa ya hana ciki wurin kamawa.

Wata 14

Ma'aurata masu lafiya 'yan ƙasa da shekara 30 damarsu a kowane wata kashi 20 zuwa 25 ce cikin 100, cikin shekara guda kuma fiye da 80 cikin 100 sukan samu. Ƙa'idarmu ita ce a fara bincike bayan wata 12, ko wata 6 in mace ta kai 35. Kun wuce, don haka ku je, ku biyu. A kusan rabin ma'auratan da ke jinkiri akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa da kaurin ruwansa ba sa nuna adadin ƙwayoyi. Na san matar da ta shekara shida tana shan magani, an yi mata hoton bututu sau biyu, ranar da mijin ya yarda aka gwada shi cikin awa biyu aka gano inda matsalar take. Gwajinsa ya fi kowanne sauƙi da araha: ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, a kai ɗakin gwaji cikin awa guda. In sakamakon bai yi kyau ba a maimaita bayan wata uku, domin ƙera maniyyi yana ɗaukar kusan kwana 74, zazzaɓi mai zafi ma yana iya rage shi na ɗan lokaci.

Ke kuma za a yi miki hoton mara a duba ƙari, musamman wanda ya tusgo cikin mahaifa, da yanayin gidan ƙwai. Za a auna furojestaron a jini don tabbatar da fitar ƙwai. A nan ki kula, an saba rubuta rana ta 21, amma daidai shi ne kwana bakwai kafin al'ada, wato ke rana ta 24 ko 25. In aka yi miki a ta 21 zai iya fitowa ƙasa a ce ba kya yin ƙwai alhali kina yi. Likitanki zai iya ƙara gwajin sinadarin maƙogwaro, da na nono, da suga, sannan hoton bututu da ake yi bayan ɗaukewar al'ada. Ki fara shan ƙwayar bitamin ta folik asid, maikurogiram 400 kullum tun yanzu, domin lakar jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 da haɗuwa, kafin mata da yawa su san suna da ciki. Kada ki sayi ƙwayoyin sa ƙwai a kemis ki sha da ka. Mai yin ƙwai da kanta ba su cika ƙara mata komai ba, suna iya sa shimfiɗa ta yi siriri ko gidan ƙwai ya kumbura. Allurar riƙe ciki ma ba ta gyara kuskuren kuromosom, tana da waɗanda ake ba wa, ba ki cikinsu a yanzu.

Zan gaya miki iyakar ilminmu. Tun kafin ranar 25 ga Yuli, 1978 da aka haifi jaririyar farko da Robert Edwards da Patrick Steptoe suka haɗa ƙwanta a waje a Ingila, likitoci suka iya kallon haɗuwa da rabuwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Amma mannewa ta gagare mu. Su kansu cikin farko da suka samu kafin wannan a bututu ya kama. Har yau ana zaɓar lafiyayyen ƙwan da aka haɗa a waje, a gwada kuromosom ɗinsa, a ajiye shi a mahaifar da aka shirya, ɗaya cikin uku ko fiye ya ƙi kamawa, mu rasa dalili. Babu abinci ko kwanciya ko magani da aka tabbatar yana sa shi ya manne. Duk mai sayar miki da tabbaci a wannan gaɓar ya faɗi abin da ya fi saninsa.

Ba sai kun jira wata uku ba kafin ku sake nema, in dai gwajin ya koma layi ɗaya kuma ba kya jin ciwo. Ƙwai yana iya fita mako biyu zuwa uku bayan irin wannan jinin. Ku riƙa saduwa duk bayan kwana ɗaya ko biyu daga rana ta 12 zuwa ta 19. Ki sami ɗan littafi ki rubuta ranar da kowace al'ada ta fara, da ranakun da kika ga yauƙin nan, da ranar da kika yi gwajin watan jiya da ranar da jinin ya zo. Ki tafi da shi asibiti, mijinki kuma ya tafi da shirin ba da nasa gwajin a ranar.